Sayen Makullin Gem Mai Araha a Intanet: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Wani ƙanena da ke jami'a ya yi wata biyu yana tara kuɗi, ya sayi wasan tseren mota a wajen wani mai sayar da makullai a intanet, a kan kuɗin da bai kai rabin farashin Steam ba, babban kantin wasannin kwamfuta na intanet. Makullin ya buɗe lafiya lau. Ya kwana uku yana sauke wasan da datar dare, yana tashi ƙarfe biyu ya leƙa ko ya tsaya. Bayan kamar mako biyar, wata yamma ya kunna kwamfuta sai ga sanarwa a saman allo cewa an soke makullin, wasan kuma ya ɓace daga ma'ajiyarsa. Ya miƙo min kwamfutar ya ce, "Yaya, duba min, ko ni na taɓa wani abu?" Bai taɓa komai ba. Da ya koma wajen mai sayarwar, shagon ma babu shi.

Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa buɗewar makulli a ranar da ka saya ba ita ce shaidar lafiyarsa ba. Lafiyarsa tana ga inda ya fito, kuma a kasuwar dillalai wannan shi ne abin da ba a nuna maka.

Na san abin da ke kai mu can. Sabon wasa babba yanzu dala 70 ne, kuɗin da ya haura mafi ƙarancin albashin Najeriya na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Steam ba ya karɓar naira, da dala yake mana lissafi. A 2022 kuma bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya saye a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. Wanda ya ga wasan dala 70 a kan dala 25 dole ransa ya biya. Don haka ba zan ce maka kada ka kusanci kasuwar ba. Zan bi da kai mataki-mataki, ka san abin da kake saye.

Mataki na farko: ka san mene ne makullin, da hanyoyin da yake bi ya iso hannunka

Makullin wasa kamar katin waya yake. Jerin haruffa ne da lambobi, a Steam yawanci guda 15 kashi uku, a Xbox guda 25 kashi biyar. Ka shigar da shi sau ɗaya, wasan ya shiga asusunka, lambar ta mutu. Kamfanin da ya yi wasan shi yake karɓo makullan daga Valve, mai Steam, ba tare da ya biya ko sisi ba, ya raba wa shagunan da ya yi yarjejeniya da su. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wanda ya fitar da makulli yana da ikon soke shi ko bayan an yi amfani da shi. A nan ya bambanta da katin waya.

To ta ina dillali yake samun nasa da araha? Hanyoyin ba ɗaya ba ne. Wani yana saye da yawa lokacin da aka yi ragi, ya ajiye, in farashi ya koma yadda yake ya fitar. Wani yana sayen ƙunshin wasanni irin na Humble Bundle, ya warware ya sayar ɗaya-ɗaya. Wani yana saye a ƙasar da aka sassauta wa farashi saboda ƙarancin samun mutanenta, ya kawo inda ake tsada. Shekaru da dama Ajantina da Turkiyya ne rumbun wannan sana'a, har a Nuwamban 2023 Valve ya daina karɓar kuɗin ƙasashen biyu ya mayar da su kan dala. Akwai masu rubuta wa ƙananan kamfanoni wasiƙa da sunan 'yan jarida ko masu bidiyo a YouTube, su roƙi makullin gwaji kyauta, su kai kasuwa.

Sai hanya ta ƙarshe, wadda ita ce tushen yawancin kuka. Ɓarawo ya sami bayanan katin bankin wani, ya sayi makullai ɗari a shagon gaskiya, ya zuba su a kasuwa da araha don su ƙare da wuri. Mai katin ba ya ganewa nan take. Sai bayan makonni ya ga an taɓa masa kuɗi, ya kai ƙara banki, banki ya janye kuɗin daga hannun shagon, ya kuma ci shi tara a kan kowane ciniki. Shi kuma kamfanin wasan ya bi makullan ya soke. Ɓarawo ya riga ya kwashe nasa. Wannan tazarar ta makonni ce ta sa wasan ƙanena ya yi aiki kafin ya ɓace.

Ba zato ba ne, ya sha faruwa a fili. A 2013 kamfanin Unknown Worlds ya soke makullai 1,341 na Natural Selection 2, bayan tarar banki ta ci masa kusan dala 30,000. A 2014 Rebellion ya soke makullai 7,050 na Sniper Elite 3 da aka sace. A farkon 2015 Ubisoft ya soke makullan Far Cry 4 da aka saya da katunan sata, ko da yake daga baya ya mayar wa waɗanda suka riga suka shigar da nasu. Wanda ya fi ba ni haske shi ne na wasan Factorio. A 2019 kasuwar dillalan makullai ta G2A ta yi alƙawarin biyan ninki goma na asarar da aka yi ga duk kamfanin da ya tabbatar an sayar da makullansa na sata ta wajenta. Wube Software, masu Factorio, suka kawo jerin makullai 321. Da aka bincika aka tarar 198 daga ciki ta G2A aka sayar da su, a 2020 ta biya su dala 39,600. Kasuwar da kanta ta amsa cewa kayan sata sun bi ta cikinta.

Ni a ganina kalmar da ta fi dacewa da wannan kasuwa ita ce shubuha. Akwai halal a ciki, akwai haram, kuma a allo kamarsu ɗaya.

Mataki na biyu: ka bambance shago da kasuwa

Shafukan da ke sayar da makullai iri uku ne, kuma wannan bambancin ya fi komai muhimmanci.

Akwai shagunan da ke karɓar kaya kai tsaye daga kamfanonin wasanni, kamar Humble, Fanatical da Green Man Gaming. Makullinsu daidai yake da wanda ka saya a Steam, kuma suna yawan yin ragi. GOG ma shagon gaskiya ne, sai dai shi wasan yake ba ka da kansa, ka sauke ka ajiye ba tare da wani makulli ba. A waɗannan babu abin tsoro in ban da duba yanki, wanda za mu zo kansa.

Akwai kasuwanni irin G2A, Kinguin, Eneba da Gamivo. Su rumfa suke bayarwa haya. Wanda ke sayar maka wani ne daban da ba ka san sunansa na gaskiya ba, shafin yana tsakiya yana cin la'ada. Ingancin cinikinka ya dogara ne da mutumin da ka faɗa hannunsa.

A tsakani kuma akwai irin CDKeys, wanda ya koma suna Loaded a 2025. Shi yake sayarwa da kansa, amma ba ya cikin shagunan da kamfanoni suka naɗa, kuma ba ya bayyana inda kowane makulli ya fito.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa: ka nemi wasan a IsThereAnyDeal, wanda ba ya lissafa kowa sai shagunan da ke da izini. GG.deals kuma yana raba su gida biyu, masu izini a sama, dillalai a ƙasa. In kana da shakka a kan wani shafi, shiga shafin kamfanin da ya yi wasan ka ga inda shi ya ce a saya.

Mai sayarwa ta WhatsApp, Telegram ko Instagram, wanda zai ce ka tura kuɗi asusun banki sannan ya turo lamba, ba ya cikin ko ɗaya daga ukun nan. Wannan cinikin biri a sama ne. In ya rufe lambarsa babu wanda za ka riƙe.

Mataki na uku: ka duba farashin gaskiya kafin ka yarda araha ce

Wannan matakin shi ya fi raba ni da dillalai. Sau da yawa abin da ake kira araha, araha ce idan an gwada da farashin ranar kawai. IsThereAnyDeal da SteamDB suna nuna tarihin farashin kowane wasa da mafi ƙanƙantar kuɗin da aka taɓa sayar da shi. Steam yana babban ragi a ƙarshen watan Yuni da ƙarshen Disamba, da wasu a tsakani. Wasan da ya shekara biyu da fitowa yakan sauko rabi ko fiye a irin waɗannan lokuta. In dillali yana sayarwa dala 18, shagon gaskiya kuma ya saba saukewa zuwa dala 20 duk bayan 'yan watanni, a kan dala 2 kake sayen fargaba.

Ka kuma sa wannan a ma'auni: wasan da ka saya a cikin Steam kana iya mayarwa a ba ka kuɗinka, muddin bai wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga shi sa'a biyu ba. Makullin da ka sayo a waje ba ya cikin wannan tsari. Ga mu da yawancinmu ke amfani da kwamfutoci na hannu, waɗanda ba kullum suke ɗaukar sabon wasa ba, wannan damar ba ƙarama ba ce. Epic Games Store kuma yana raba wasa kyauta kowane mako, har GTA V ya taɓa bayarwa a Mayun 2020.

Alamar da ba ta ƙarya ita ce sabon wasa da araha mai yawa. Wasan da ya fito makon jiya a dala 70, babu ragin da aka taɓa yi masa, ba ya cikin wani ƙunshi, amma wani yana ba ka shi a dala 20, ka tambayi kanka a ina ya samo. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mataki na huɗu: ka karanta tallan kalma-kalma

A ce ka auna, ka ga har yanzu wajen dillali za ka. To ka zauna ka karanta abin da aka rubuta, domin sau da yawa asarar da ake yi ba ta sata ba ce, ta rashin karatu ce, kuma irin wannan babu mai mayar maka da kuɗi.

Fara da yanki. Za ka ga an rubuta Global, ko EU, ko US, ko LATAM, ko ROW. Wanda ke Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru, Global ne ya fi masa kwanciyar hankali. ROW na nufin sauran duniya ban da wasu ƙasashe, kuma jerin ƙasashen yana canjawa daga wasa zuwa wasa, don haka ka buɗe jerin ka ga sunan ƙasarka da idonka. EMEA a ƙa'ida ya haɗa da Afirka, amma shi ma ka tabbatar.

Idan aka ce sai da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, makullin zai buɗe, ka bar shi. Yarjejeniyar Steam ta hana ɓoye ƙasar da kake don samun farashin wata ƙasa, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga asusun gaba ɗaya. Mutum mai wasanni talatin a ma'ajiya ya sa su a haɗari saboda guda ɗaya, garin neman gira ke nan a rasa ido.

Sai dandamali. Wasa ɗaya yana iya samuwa a Steam, Epic, EA app, Ubisoft Connect ko Rockstar, kuma makullin wannan ba ya buɗe wancan. Sai nau'i: ka tabbata wasan ne kansa, ba ƙarin da ake ɗorawa a kansa ba, wanda ake rubuta wa DLC. Hoton yakan zama iri ɗaya, farashin ne kawai ƙasa. Ka duba harshe ma, domin akwai makullan da Rashanci kaɗai suke bayarwa.

Masu PlayStation su lura da abu biyu. Tun 1 ga Afrilun 2019 Sony ya hana shaguna sayar da lambar cikakken wasa, abin da ya rage galibi shi ne katin kuɗi da ake lodawa a asusu. Don haka duk wanda ya ce yana da makullin sabon EA Sports FC na PS5 da araha, ka bincika, galibi asusu zai ba ka. Na biyu, kantin PlayStation ba shi da reshen Najeriya ko Nijar, shi ya sa mutanenmu ke buɗe asusun Amurka ko Ingila. Ƙasar asusu ba ta canjuwa bayan an buɗe, kuma katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila.

Maganar asusu

Zan ɗan tsaya a nan, don shi ne abin da ya fi yawa a wajenmu. Idan ka ga kalmar Account a talla, ko Offline, ko aka ce maka Primary da Secondary, ba wasa ake sayar maka ba. Ana ba ka aron asusun wani ne, da imel da kalmar sirri, kuma asusun nan ɗaya an sayar wa mutum biyar ko goma. Mai asalin imel ɗin yana iya karɓe kayansa duk ranar da ya ga dama. In da katin sata aka loda shi, ranar da banki ya janye kuɗin za a rufe shi da kowa a ciki. Steam da Sony duka sun hana sayar da asusu, saboda haka ba ka da bakin kai ƙara wajensu.

Wanda ya fi wannan muni shi ne mai cewa ka ba shi sunan asusunka da kalmar sirri, zai shiga ya saka maka wasan ko ya loda maka kuɗi. Kada ka bayar, ko da ɗan unguwarku ne. In ya biya da katin sata, a kan sunanka cinikin yake, kuma Sony yakan dakatar da asusun da aka janye kuɗin cinikinsa har sai an biya bashin. Haka abin yake ga masu tallar UC, kuɗin cikin wasan PUBG, ko lu'ulu'un Free Fire da rabin farashi. Shagunan da ke da izini, irin Midasbuy na PUBG, lambar ɗan wasa kawai suke tambaya. Lambar sirrin da Steam Guard, tsarin tsaron asusun Steam, yake turo maka kuwa, babu ciniki na gaskiya da ke buƙatar ka karanta wa wani ita.

Mataki na biyar: zaɓen mai sayarwa da biyan kuɗi

A cikin kasuwa, wasa ɗaya za ka ga mutum goma suna sayarwa. Kada ka danna na saman jeri don ya fi araha. Duba yawan cinikin da ya yi da tsawon zamansa. Mai ciniki dubu hamsin da yabo kashi 99 ya fi mai ciniki goma sha biyu da kashi 100. Ka karanta ƙorafe-ƙorafe, ba yabo ba, ka nemi masu cewa an soke musu bayan wani lokaci. Ka kuma tuna cewa yawancin masu yabo a ranar sayen suke rubutawa, tun kafin banki ya motsa.

A shafin biya ka dubi jimillar ƙarshe. Ana ƙara kuɗin hidima, wani lokaci da kuɗin kariya, wasu shafukan kuma suna cusa rajistar wata-wata da za ta riƙa cirar kuɗi daga katinka. Cire duk abin da ba ka nema ba, ka sake gwada jimillar da farashin shagon gaskiya. Sau da yawa a nan arahar take narkewa.

Ka biya ta hanyar da za ka iya ƙalubalanta. PayPal yana ba da damar buɗe ƙorafi cikin wani wa'adi. Katin dala na manhaja, wanda za ka zuba masa daidai kuɗin cinikin, yana kare babban asusunka, kuma kada ka bari shafin ya adana lambar katin. Kuɗin kirifto da turawa kai tsaye ba sa dawowa.

Mataki na shida: shigar da makullin

Ka shigar da shi a ranar, ko da ba ka da datar sauke wasan. Mutane kan ajiye lamba sai ƙarshen wata, a lokacin wa'adin ƙorafi ya wuce. Shigarwa ba ta cin data, saukewa kuma tana iya jira.

Kafin ka buɗe lambar, kunna ɗaukar bidiyon allo, ko ka sa wani ya riƙe waya yana ɗauka. Bidiyon ya nuna lambar ciniki, lokacin da makullin ya bayyana, da shigar da shi, ba tare da yankewa ba. A manhajar Steam, ƙasa ta hagu akwai Add a Game, a ciki ka zaɓi Activate a Product on Steam. Kwafa lambar za ka yi, kada ka rubuta da hannu, don sifili da harafin O suna rikitarwa. Ka yi wannan a cikin manhajar kanta. Mahaɗin da mai sayarwa ya turo, wanda ke kai ka wani shafi mai kama da Steam yana neman kalmar sirri, tarko ne.

In ya ƙi, karanta abin da ya ce. Ko an riga an yi amfani da lambar, ko ba ta aiki a ƙasarka, ko babu irinta. Ɗauki hoton saƙon. Kada ka yi ta maimaitawa, Steam yana toshe shigarwa na ɗan lokaci idan kuskure ya yi yawa.

Idan abu ya lalace

Fara da mai sayarwa, a cikin shafin, ba a WhatsApp ba, don maganarku ta zama a rubuce inda masu kasuwar za su gani. Tura bidiyo da hoto, ka faɗi abin da kake so a fili: sabon makulli ko kuɗinka. In ya yi shiru ko yana ja maka rai, ɗaga ƙorafin zuwa masu shafin kafin wa'adinsu ya cika. Za su iya ba ka kuɗin a matsayin ajiya a cikin shafin, kana da damar cewa a katinka kake so. In nan ma ba a dace ba, sai PayPal ko bankinka, da duk shaidun a hannu.

Idan sokewa aka yi bayan makonni, Steam zai mayar da kai wajen wanda ya sayar maka, domin ba a hannunsa ka saya ba. A mafi yawan lokuta wasan kawai ake cirewa, asusun yana nan. Ajiye hoton sanarwar sokewar, da shi za ka yi ƙorafi. Kuma kada fushi ya sa ka janye kuɗin wani cinikin da ka yi a cikin Steam ko kantin PlayStation kansu, wannan yana jawo a taƙaita ko a dakatar da asusunka.

Ƙanena bai sami kuɗinsa ba, saboda turawa ya yi kai tsaye kuma ba shi da ko hoton ciniki. Abin da muka yi daren nan shi ne muka canja kalmar sirrinsa, muka kunna Steam Guard a wayarsa, muka sa wasan a jerin abubuwan da yake so don Steam ya turo masa imel ranar da aka yi ragi. Fayilolin wasan kuma na ce kada ya goge su, domin in ya sake sayensa Steam zai gane su a kwamfutar, ba sai ya sake kwana uku yana saukewa ba.